SA'AD DA ZUCIYA TA GAJI

Darasi domin iyali da taron addu'a
Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Ya ɗan'uwana mai karatu, in ka gamu da mutum a hanyar gona ka ce masa, "Ina gajiya?" zai ce, "Babu gajiya." In ka ce, "Ina gida?" zai ce, "Lafiya lau." Haka muka tashi muka iske, gaisuwa ce mai kyau kuwa. Amma na san wani mutum wanda ya yi wata huɗu yana amsa "lafiya lau," alhali kuwa kowane dare yana fata kada gari ya waye masa. Mutumin nan ni ne. Domin haka nake rubuta wannan darasi, ko Allah ya sa ya taimaki wani a gidanku.

ABIN DA YA SAME NI

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a gonakin arewa. Abin da na girbe bai kai mu bazara ba. A 2005 hatsi ya yi tsada irin wadda ban gani ba tun yunwar 1984, sa'ad da nake yaro a makarantar mishan. Na sayar da shanun huɗata. Na ci bashin buhu biyu, da alkawari zan biya huɗu da kaka. A watan Agusta 'yar autarmu ta kamu da zawo da zazzaɓi, ta rasu tana da shekara biyu.

Daminar 2005 ta yi kyau. Rumbuna suka fara cika, dariya ta komo dandali. Ni kuwa a lokacin ne na faɗi. Nakan farka tun zakara bai yi cara ba, in yi ta lissafin bashi har gari ya waye. Tuwo ya zama kamar ƙasa a bakina. Hatsina ya nuna a gona, na kasa zuwa in girbe. In yara sun yi wasa kusa da ni, sai in daka musu tsawa. Ran Lahadi nakan tsaya gaban jama'a in ba da waƙa, bakina yana yabo, cikina kuwa kamar rijiyar da ta ƙafe.

Na ɓoye abin, gama an koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ji tsoro kada a ce bangaskiyata ta kasa, ko a ce an yi mini sammu.

Wani tsohon mai bishara ne ya gane. Labarin zuciya, a tambayi fuska. Ya zo da maraice ya zauna a tabarmata. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce wa maiɗakina, "'Yata, dama mana fura." Muka yi shiru da daɗewa. Can sai ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da barci?" Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa duka. Kashegari ya zo da samari huɗu, suka girbe gonata. Bayan mako guda ya raka ni gidan likita da ƙafarsa. A can ne na fara jin cewa abin da ke damuna yana da suna, yana kuma da magani.

KAYA IRI UKU

Mukan tara abubuwa uku mu kira su duka "damuwa." Yana da kyau mu rarrabe su.

Na fari, nauyin rai na yau da kullum. Allah ya yi jikinmu da ƙararrawa a ciki. In ka ga kububuwa a kunya, kafin ka yi tunani ka riga ka yi tsalle. Akwai waɗansu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu a bisa ƙoda, su ne ke zuba wani ruwa cikin jini, likitoci suna ce da shi adirenalin. Sai zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, jiki ya ɗaure domin gudu ko faɗa. In macijin ya wuce, jiki ya koma daidai. Wannan kyauta ce daga Allah. Amma bashi ba ya wucewa kamar maciji. Haka kuma ciwon yaro, da rikicin gado, da ɗan da ya tafi bida aka daina jin labarinsa. Sai ƙararrawar ta yi ta kaɗawa wata da watanni. Jaki yakan kai kaya kasuwa ya komo lafiya in an sauke masa da yamma. In an bar mangala a bayansa dare da rana, baya zai yi miki. Haka mutum: ciwon kai, da ciwon wuya da kafaɗa, da ɓacin ciki, da rashin barci, da saurin fushi, har jini ya hau.

Na biyu, fargaba. A nan ƙararrawar tana kaɗawa ko babu maciji. Mutum yana zaune lafiya, gabansa yana ta faɗuwa, tunani ɗaya yana ta zagayawa, ya kasa tsai da shi. Wani lokaci abin yakan taso farat ɗaya: ƙirji ya toshe, gumi ya keto, hannu ya yi rawa, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Yawanci ba ya kai rabin sa'a sai ya lafa, amma tsoron dawowarsa yakan hana mutum zuwa kasuwa ko majami'a. Waɗanda suka ga abin firgita sukan sha irin wannan. Waɗansu 'yan'uwa da suka ga ƙone-ƙonen majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015 sun daɗe suna razana in sun ji hayaniyar taro. Haka mutanen ƙauyukan bakin iyaka waɗanda 'yan bindiga suka faɗa wa da dare: ƙarar babur kaɗai takan sa jikinsu rawa.

Na uku, ciwon baƙin ciki. Makoki daban, wannan daban. Mai makoki yakan yi kuka, amma in jikansa ya hau cinyarsa yakan yi murmushi, kwanaki kuma suna rage masa zafi. Mai wannan ciwo, duhun ba ya ɗagawa. Likitoci sun ce in mutum ya kai mako biyu, kusan kowace rana, yana cikin baƙin ciki ko ya daina jin daɗin abin da dā yake so, to, a duba shi. Ga sauran alamun:

1. Barci ya ƙi zuwa, ko ya yi yawa.
2. Abinci ya fita a rai, jiki ya rame.
3. Gajiya ba tare da aiki ba.
4. Mantuwa, da kasa yanke shawara ko a kan ƙaramin abu.
5. Gudun mutane.
6. Ganin kai ba a bakin kome ba, da ɗora wa kai laifin kowane abu.
7. Tunanin mutuwa.

A wurinmu mutane da yawa ba za su ce "ina baƙin ciki" ba. Za su ce kaina yana zafi, ko jikina duka ya mutu, ko wani abu yana yawo a jikina. Sukan sha maganin zazzaɓi sau da sau, ba sauƙi.

Kada ka ce kai kaɗai ne. Bisa ƙirgen Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne ke da ciwon baƙin ciki, miliyan 301 kuma ke da ciwon fargaba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi yawan mutanen Nijar duka na wannan shekarar sau goma. Ciwon baƙin ciki ya fi kama mata. A cikin masu ciki da masu jego, fiye da ɗaya cikin goma sukan kamu da shi.

KO RASHIN BANGASKIYA NE?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin raina a kwanakin nan. Gaskiya ne zunubin da aka ɓoye yakan hana mutum sukuni, Dawuda ya shaida haka a Zabura 32. Wanda ya san yana riƙe da hakkin wani, sai ya tuba ya mayar. Amma mu yi hankali. Abokan Ayuba sun nace lalle akwai laifin da ya yi, a ƙarshe kuwa su ne Allah ya tsauta wa.

Dubi bayin Allah a cikin Littafi Mai Tsarki. Hannatu ta yi ta kuka, ta ƙi cin abinci, har Eli firist ya zaci ta bugu. Musa ya gaji da nauyin jama'a har ya roƙi mutuwa. Wanda ya rubuta Zabura 88 ya fara da kuka ya ƙare cikin duhu, duk da haka Allah ya yarda addu'arsa ta zauna cikin Littafinsa. Bulus ya gaya wa Korantiyawa akwai lokacin da shi da abokansa suka fid da zuciya ga rai. Ubangijinmu Yesu kansa ya yi matuƙar baƙin ciki a Getsamani, bai kuwa ɓoye ba, ya kira almajirai uku su zauna kusa da shi. Wa zai ce waɗannan ba su da bangaskiya?

Mai bi yakan yi zazzaɓi, yakan karye a ƙafa. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce ta jiki, takan gaji, takan yi ciwo. Waɗansu sukan gaji saurin kamuwa daga iyaye, waɗansu wahala ce takan jawo musu, waɗansu haihuwa ko doguwar cuta. Saboda haka kada mu yi saurin cewa iskoki ne ko sammu, har mu kwashi kuɗin hatsi mu kai wa boka. Wannan yakan ƙara tsoro, ya haddasa zargi tsakanin dangi, ciwon kuma yana nan.

YADDA ALLAH YA YI JIYYAR ILIYA

Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya ga ruwan sama bayan fari mai tsawo. Amma da Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura, bayan an ci nasara ne ya faɗi, kamar yadda ni ma na faɗi bayan yunwa ta wuce. Sau da yawa haka yake. Mutum yakan daure muddin ana cikin yaƙi, sai ƙura ta lafa ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu mu ga abin da Allah ya yi masa, bi da bi.

Da fari ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Aka sāke tashe shi ya ci. Babu tsautawa ko kaɗan. Allah ya fara da jiki.

Na biyu, ya sa shi tafiya, kwana 40 har Dutsen Horeb. Bai bar shi kwance a gindin itacen ba.

Na uku, ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma saurara. Sau biyu ya yi tambayar, sau biyu Iliya ya zuba kukansa iri ɗaya, Allah bai katse shi ba. Da ya bayyana gare shi kuma, an yi iska mai ƙarfi, da girgizar ƙasa, da wuta, amma cikin murya mai taushi ya zo.

Na huɗu, ya gyara masa lissafi. Iliya yana ganin shi kaɗai ya ragu. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 waɗanda ba su bauta wa Ba'al ba. Ciwon nan maƙaryaci ne. Yakan ce maka babu mai sonka, ba ka da amfani, ba za ka warke ba. Mai ciwo yana jin abin kamar gaskiya, sai wani daga waje ya taimake shi ƙirga daidai.

Na biyar, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, watau Elisha.

ABIN DA ZA KA YI IN KAI NE

1. Faɗa wa mutum ɗaya mai riƙon asiri: mijinki ko matarka, fasto, ko wata uwa cikin zumuntar mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Ka ci abinci a kan lokaci ko ba ka jin yunwa. Ka kwanta ka tashi a lokaci ɗaya kowace rana. Rage goro da shayi mai kauri da kofi, musamman da yamma, gama suna ƙara bugun zuciya, suna kore barci. Ajiye waya in dare ya yi.

3. Kada ka jira sai ka ji sha'awar aiki. A wannan ciwo aiki ne ke fara zuwa, sha'awa ta biyo baya. Zaɓi ƙaramin abu ɗaya kowace safiya: ba awaki ruwa, share tsakar gida, taka zuwa gona ka komo.

4. In fargaba ta taso, zauna, ɗora hannu a ciki. Ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake shi ta baki kana ƙirga shida. Yi haka sau goma ko fiye. Numfashi mai tsawo yakan gaya wa jiki macijin ya wuce.

5. Raba damuwarka kashi biyu, kamar mai sheƙa tana raba tsaba da ƙaiƙayi. Abin da ke hannunka, kamar zuwa wurin mai bashi tare da dattijo a roƙi a biya kaɗan kaɗan, sa masa rana ka yi. Abin da ba ya hannunka, kamar ruwan baɗi, ka ambace shi da sunansa a gaban Allah ka bar shi can. In ya dawo, ka sāke kai shi.

6. In addu'a ta gagara, kada ka ƙara wa kanka laifi. Buɗe Zabura 42 ko 88, ko ka sa wani ya karanta maka. Romawa 8:26 ta koya mana Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu faɗa ba.

7. Guji giya, da tiramol, da ƙwayoyin da ake talla a kasuwa. Sukan rufe ciwon na 'yan sa'o'i, sa'an nan su bar ka da ciwo biyu.

8. In alamun sun wuce mako biyu, ko sun hana ka aiki, tafi gidan likita. Faɗa wa majo dukan abin da kake ji, har da na zuciya. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo sukan kawo kasala ko bugun zuciya, yana da kyau a duba su. In abin ya fi ƙarfin likitar ƙauye, za a tura ka babban asibiti. Waɗansu shawara da zance sun ishe su, waɗansu sai an haɗa da magani. Maganin ba ya aiki rana ɗaya. Ni sai da na kusa wata guda kafin na ji sauƙi. Akan ci gaba da sha watanni bayan an warke, kada kuwa a daina sai da izinin likita. Shan magani ba raina ikon Allah ba ne. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne.

ABIN DA IYALI DA IKILISIYA ZA SU YI

Zumunta a ƙafa take. Ku je, ku zauna, ku saurara. Abin kirki da abokan Ayuba suka yi shi ne kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba su ce kome ba. Kada ku ce, "Ka cika raki," ko "Wane ya fi ka wahala." Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ba a ce wa mai karaya ya yi haƙuri kawai, sai an ɗora ƙafar. Kada ku sa wanda ba ya cin abinci ya yi azumi, ku ne za ku yi dominsa. Kada a ɗaure mai ciwo, kada a doke shi. Abin da ya faɗa muku a asirce, kada ya zama labari a bakin rijiya, ko da sunan roƙon addu'a.

Ku taimaka da hannu. A yi masa gayya a gona. A ɗebo wa mai jego ruwa, a karɓi jaririn ta sami barci. Maigida, in matarka ta haihu ka ga ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta jin daɗin jaririn, kada ka ce lalaci ne ko rashin kunya. Ka raka ta likita.

Ga abin da ba ya jiran gobe. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana sallama da mutane yana rarraba kayansa, ku tambaye shi a fili, cikin ƙauna, "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma takan sauke masa nauyi. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari, da igiya, da bindiga, da tarin magunguna, a kai shi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, wajen ɗaya cikin biyar kuma da maganin ƙwari ne. Mu manoma, wannan guba tana cikin ɗakunanmu, sai a kulle ta. Haka kuma mai jegon da ta rikice, ta daina barci sam, tana jin muryoyi, a kai ta nan da nan, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

KUTUTTURE YANA DA RAI

Manya sun tuna yadda gonakin ƙasar Maraɗi suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A wajen 1983 wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo, ya lura 'yan tsire-tsiren da muke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne, saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka koya wa manoma su bar toho kaɗan masu ƙarfi, su rage sauran, su tsare su daga dabbobi da gatari. Yau itatuwa miliyoyi suna tsaye a inda dā babu inuwa. Ayuba ma, a tsakiyar wahalarsa, ya yi zancen itacen da aka sare ya sāke toho (Ayuba 14:7-9).

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, in kana ganin kanka kamar kututture, saiwar tana nan. Ni na biya bashina cikin shekara biyu. Kewar 'yata ba ta rabu da ni ba, amma ina cin tuwo ina jin daɗinsa, ina ba da waƙa da zuciya ɗaya. Ciwon ya so ya dawo sau ɗaya, na gane alamunsa da wuri, na nemi taimako. Yesu wanda ya san daren Getsamani yana kiran masu gajiya su zo gare shi, sau da yawa kuwa ta hannun 'yan'uwa yake sauke mana kaya.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin makoki da ciwon baƙin ciki?
2. Waɗanne abubuwa biyar Allah ya yi wa Iliya? Da wanne ya fara?
3. Me ya sa yake da wuya namiji ya ce zuciyarsa ta gaji?
4. Wane ne ya daina zuwa sujada ko dandali a kwanakin nan? Wa zai je wurinsa a wannan mako?

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka ciyar da Iliya sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Ka dubi masu kwana ba barci a cikinmu. Ka ba su ƙarfin hali su buɗe baki, ka ba mu kunnen ji da ƙafar zuwa. Ka sa albarka ga hannun masu jiyya. Ka riƙe mu har gari ya waye. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.